Daga tama zuwa gwangwani: tarihin maƙeran da ke yawo

Kafin ku ci gaba da karanta wannan shafi, ku ɗaga kai ku dubi tsakar gidanku. Ga tukunyar da uwargida ke tuƙa tuwo a ciki. Ga gugan da ake jan ruwa a rijiya. Ga haiwa an jingine ta jikin rumbu. Wataƙila akwai tsohon akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, da takalmin taya a bakin ɗaki. Duk kayan nan, kowane ya taɓa zama wani abu dabam. Tukunyar, mai yiwuwa a da guntun injin mota ce. Gugan daga cikin tayar babbar mota aka yanko shi. Akwatin kuwa tano ne da ya sha ɗaukar mai.

Su wa suka mai da su haka? Mutanen nan ne da muke gani a gefen kasuwa, zaune cikin toka da hayaƙi, ba mu tsayawa mu tambaye su labari. Da yawansu ba su da rumfa tasu. Inuwar iccen da suka tarar ita ce rumfarsu. Yau suna wannan gari, jibi suna wancan. Littattafan tarihi cike suke da sunayen sarakuna da ranakun yaƙi, amma ba su cika kula da mai buhu da masaba ba. Shi ya sa na ga ya dace mu bi sawunsa, mu ga inda ya faro.

Gyartai da maƙeran tama

Tun kafin mota, tun kafin Nasara, akwai gyartai. Tsofaffinmu sun san shi sarai. Yakan shigo gari da ƴar jakarsa, mata su fito masa da fasassun ƙore. Ya huda gefe da gefen tsagar da basilla, ya ɗinke da zare mai ƙarfi, har ƙwaryar ta koma aikinta. A biya shi da hatsi, ko da wuri a zamanin da wuri ne kuɗi. Gari guda ba ya isarsa, don ƙoren gari guda ba kullum suke fashewa ba. Dole ya ƙara gaba. Abin da ke sa duk masu irin wannan sana'a tafiya ke nan har yau: aikin kaɗan ne a kowane gari, amma garuruwan da yawa.

Maƙeri ma tun asali matafiyi ne. Ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Masu haƙar ƙasa don binciken tarihi sun sami alamun aikin ƙarfe a duwatsun Tarmit, can arewa maso gabas da Damagaram, waɗanda suka haura shekara 2500. Kakanninmu ba a kanti suke sayen ƙarfe ba. Daga dutse suke fid da shi, dutsen nan da ake kira tama. A ƙasar Adar, wajen Tawa, in an gama girbi sai maƙera su bar gida su tare a daji inda tama take. Su sari itace su yi gawayi, musamman na ƙirya, don wutarsa ta fi ƙarfi. Su gina matoya ta laka, su jera gawayi da tama a ciki, su kunna. Wuta ta yi ta ci sa'o'i masu yawa. Abin da za a samu a ƙarshe dunƙule ne na ƙarfe gauraye da kashin maƙera. Sai an yi ta gasa shi ana duka kafin ya zama abin da za a ƙera hauya da shi.

Ku dubi wannan wahala, sai ku gane abin da ya sa ba a yar da ƙarfe a da. Hauya in ta cinye, a mai da ita wuƙa. Wuƙa in ta sirance, a mai da ita aska ko basilla. Ko guntun da ya fi farce ƙanƙanta, maƙeri yana da tsumman da yake ƙulle shi. Ashe sabunta tsohon abu ba Nasara ne ya koya mana ba.

Maƙera iri biyu ne, na baƙi da na fari. Na baƙi su ne masu hauya da gatari da mashi. Na fari su ne masu azurfa da tagulla, masu zobe da munduwa da kayan doki. Su ma narkar da tsoho suke su yi sabo. Akwai wata tsabar azurfa ta Turai mai hoton mace, mai ɗauke da shekarar 1780, wadda fatake ke kawowa ta hamada. Da yawanta a wuyan mata da hannuwansu ta ƙare, bayan ta bi ta wutar maƙeran fari. A Damagaram kuwa, zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta fiye da shekara talatin daga wajen 1851, har igwa aka riƙa zubawa a cikin birni. Wanda ya iya zuba igwa, ai zubin tukunya ba zai gagari jikokinsa ba.

Yadda mota ta kashe wutar tama

A 1899 sojojin Faransa suka shiga Damagaram. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano. A 1929 reluwe ta kai Ƙauran Namoda, a 1930 ta kai Nguru, duk kusa da iyakarmu. A ƙarshen 1924 wasu motocin kamfanin Citroën suka ratsa ƙasar nan daga Yamai zuwa Damagaram har tafkin Cadi, mutane na fitowa kallo. Ba a daɗe ba cinikin gyaɗa ya kawo manyan motoci Maraɗi da Tasawa da Magarya. Mota kuwa tana tsufa, tana faɗuwa, tana mutuwa a gefen hanya. In ta mutu, gawarta ƙarfe ce zalla.

Maƙeri ya duba ya ga abin da yake kwana a daji yana nema, ga shi nan kwance ba kashi ba datti. Dogayen ƙarafan nan da ke ƙarƙashin mota, masu rage mata girgiza, babu kamarsu wajen yin gatari da adda da wuƙa. Fatun jikinta kuma su yi haiwa da kwashe. Wa zai ƙara sarar ƙirya wata guda don dunƙule ɗaya? Haka wutar tama ta riƙa mutuwa gari bayan gari. A shekarun 1960 wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, ta zauna da maƙeran Adar har ta ɗauki fim na narkar da tama. A lokacin aikin ya riga ya kama hanyar ƙarewa. Yau in kun ga tarin baƙin dutse mai ƙuraje a bayan gari, ku tambayi tsofaffi, sau da yawa tsohuwar matoya ce.

Ni dai ba na ganin laifin maƙeran. Sun huta, itatuwa ma sun ɗan huta, hauya ta yi araha. Amma akwai abin da aka rasa. A da ƙarfen ƙauye daga dajin ƙauye yake fitowa. Daga nan sai ya zama dole maƙeri ya je inda mota take, wato birni, ya sayo. Tafiyarsa ta sake hanya: maimakon daji, sai tasha da gareji.

Garwa, tano da gwangwani

Ba mota kaɗai ta zo ba. Kananzir da fetur sun riƙa zuwa cikin garwa, gwangwanin nan mai kusurwa huɗu da ke cin kamar lita 18. In man ya ƙare, garwar ba ta ƙare ba. A sa mata icce a baki ta zama abin ɗaukar ruwa, ƴan ga-ruwa su rataya biyu a sanda su shiga gari. A buɗe ta a miƙe, ta zama ƙyauren ɗaki ko rufi. Bayanta sai ga tano, wanda mutanen Najeriya ke kira duro, mai cin lita 200. Tano guda in ya faɗa hannun gwani, za a fid da akwatin amarya, ko murhu, ko kaskon suya, ko bokiti.

Sai ƙananan gwangwanaye, na madara da na tumatir da na kifi. A nan wata sabuwar sana'a ta fito, wadda ba ta buƙatar uwar maƙera ko zuga-zugi. Almakashi, ƙaramar masaba, guntun ƙarfen dogo da za a riƙa duka a kai, da ɗan dalma na liƙi, shi ke nan kayan aiki. Duk su shiga buhu guda. Da su ake yin mazurari, da ma'aunin mai, da rariya, da ƴar fitilar nan aci-balbal wadda ta haska ɗakunan ƙauye shekaru da yawa. Mai wannan buhu shi ya gaji gyartai, domin da kwanukan sha suka fara maye gurbin ƙore, shi ne mai toshe su in sun huje.

Taya ma ba ta tsira ba. Bayanta ya zama takalmin da ƙaya ba ta hudawa, abokin makiyayi da manomi. Robar cikinta ta zama guga, ta kori gugan fata daga rijiyoyi da yawa. Abin da ya rage a yanka shi siri-siri a yi ɗaurin kaya.

Tukunyar alminiyo

A nan zan ɗan daɗe, don wannan ita ce babbar sana'ar cikinsu, kuma ita ce ta fi kowace yawo.

Alminiyo, farin ƙarfen nan marar nauyi, sabo ne a duniya. Yana nan da yawa cikin wata irin jar ƙasa, amma raba shi da ita yana da wuya ƙwarai. Akwai lokacin da tsadarsa a Turai ta wuce ta azurfa. Sai a 1886 wasu samari biyu, Héroult a Faransa da Hall a Amurka, kowa a garinsu, ba tare da sun haɗa kai ba, suka gano yadda za a fid da shi da wutar lantarki. Daga nan ya fara araha. Ƙasar Gine tana cikin waɗanda suka fi kowa arzikin wannan jar ƙasa. An buɗe masana'antar narka shi a Edeya ta Kamaru a 1957, da wata a Tema ta Gana a 1967, duk kusa da manyan madatsun ruwa, domin aikin yana shan lantarki kamar me. Amma ga abin mamaki: sake narkar da tsohon alminiyo ba ya cin fiye da kamar kashi 5 ko 6 cikin 100 na ƙarfin wutar da ake buƙata wajen yin sabo. Ƙarfe sai wuta ta haura digiri 1500 yake zama ruwa. Alminiyo kuwa digiri 660 ya ishe shi. Gawayi da iska kaɗai sun isa. Sirrin sana'ar ke nan.

A yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, an ƙera jiragen sama dubbai da alminiyo. Da yaƙi ya ƙare, tarkacensu da na motocin soja suka rage a wurare da yawa. Masu binciken tarihi sun bi sawun zubin tukunya a Afirka ta Yamma, sun ga bayan yaƙin nan ne ya kafu, wajen ƙasar Senegal, sannan ya bazu gabas da kudu. Ba gwamnati ce ta baza shi ba, ba kuma lekol ba. Ƙafa ce ta baza shi. Yaro ya zauna wajen maigida shekaru ya koya. In ya iya, ba zai kafa rumfa kusa da ta maigidansa ba, sai ya nemi garin da babu mai yi. Can shi ma ya ɗauki yara, su ma in sun iya su ƙara gaba. Ku tuna kuma a 1946 ne aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulki, mutane suka sami sakewar tafiya neman na kansu. Ƙira gado ce a wurinmu, ɗan maƙeri ke zama maƙeri. Zubin tukunya kuwa bai tambayi gidan da ka fito ba. Ɗan manomi, ɗan malam, ɗan mahauci, duk wanda ya jure zafin wuta zai koya.

Ƴan cin raninmu da suka je Gana da Kodibuwa da Najeriya sun ga aikin, wasu sun koyo shi. A 1969 Gana ta kori baƙi marasa takarda. A 1983 Najeriya ta yi haka. Mutane sun komo gida a wahalce, da yawa sun bar dukiyarsu a can. Amma wanda ya koyi sana'a, ita ba a ƙwace ta a bakin iyaka.

Na ga wannan aiki da idona ina yaro, a ƙauyenmu. Wani rani sai ga mutum ya iso da amalanken jaki, shi da yaronsa. Ya fara zuwa ƙofar mai gari ya yi gaisuwa, aka nuna masa zauren da zai kwana da gindin tsamiyar da zai yi aiki. Kafin azahar labari ya gama gari. Mata suka yi ta fitowa da hudaddun tukwane da karyayyun ludaya. Innata ta kai tata tukunyar da gindinta ya cinye. Ya ɗaga ta a hannu, ya jinjina, ya ce:

"Uwargida, wannan ba za ta haifi kamarta ba sai an ƙara mata. Wuta tana cin rabonta."

Sai aka tura mu yara neman ƙari. Muka watsu cikin juji muna tonon gwangwanin lemo da murafan tsofaffin butoci. Ranar nan babu yaron da ya yi kiwo da zuciya ɗaya.

Ga yadda ya yi. Ya nemo yashi mai laushi, ya gauraya da ƴar laka, ya yayyafa ruwa kaɗan, har in an dunƙula a hannu ya tsaya bai wargaje ba. Yana da wata tukunya ta musamman da ba a dafuwa da ita, ita ce uwar sauran. Ya cika cikinta da yashin, ya kifa ta cikin akwatin katako marar gindi, ya zuba yashi kewaye da ita, ya yi ta dannawa da guntun icce. Ya bar ƴar kafa a sama. Sannan ya buɗe akwatin a hankali, ya zare uwar, ya mai da komai yadda yake. Yanzu tsakanin yashin ciki da na waje akwai ɗan fili, daidai kaurin tukunya. Can gefe yaronsa na juya ƙafar keke da hannu, ita kuma tana juya ƴar fanka mai hura gawayi. A kan wutar akwai kaskon baƙin ƙarfe, tsofaffin tukwanenmu na narkewa a ciki suna sheƙi kamar azurfa. Ya kwashe dattin da ya taso sama, ya kama kaskon da awartaki, ya daka mana tsawa mu ja baya. Ya ce ko ɗigon ruwa ya faɗa ciki, narkakken ƙarfen zai yi tsalle ya ƙone mutum. Ya tsiyaya ta kafar nan ba tare da hannunsa ya yi rawa ba. Ba a fi shan ruwa ba ya fasa yashin. Sai ga tukunya sabuwa fil tana hayaƙi. Ya gutsure wutsiyar da kafar ta bari, ya bi bakin da magagari.

Kwana tara ya yi a garinmu. Wasu sun biya shi da kuɗi, wasu da tiyar hatsi, wata tsohuwa da kaza. Da tukwanen gari suka ƙare, ya ɗaure kayansa da asuba.

Zaman hanya

Kada ku ɗauka rayuwar nan daɗi ce zalla. Mai sana'ar yawo manomi ne kamar kowa. Yana fita bayan an ɗaure hatsi, yana komowa kafin ruwan shuka. A tsakani, kwanakin mako a wurinsa sunayen kasuwanni ne. Ya san wace ke ci Lahadi, wace ke ci Laraba, da nisan da ke tsakaninsu a ƙafar jaki. Ya san garin da ake karɓar baƙo da tuwo, da wanda sai ya kwana a rumfar kasuwa. In garin akwai Sarkin Maƙera, dole ya kai gaisuwa kafin ya hura wuta, in ba haka ba a ce ya zo cin abincin wasu.

In ciwo ya kama shi, babu mai dama masa kunu. In ya ba da bashi, sai baɗi in Allah ya kai rai. Hannuwansa duk tabon ƙuna, ƙirjinsa ya sha hayaƙi. Abin da ya fi ciwo kuwa shi ne zargi. Ranar da tasa ta ɓace a wani gida, baƙon nan mai tara ƙarafa shi za a fara kallo. Akwai ɓarayin ƙarfe, wannan gaskiya ne, amma na sha ganin an tozarta mai gaskiya don kawai ba shi da dangi a garin. Ga kuma raini. Mutumin da zai ƙi ba gyartai ɗiyarsa, da ƙwaryar da gyartai ya ɗinke yake shan hura.

Shekarun wahala su suka fi cika wannan sana'a da mutane. Farin 1973 da 1974, da na 1984, sun kori dubban mutane daga ƙauye zuwa birni. Wanda ba shi da jari sai ya fara da tsintar gwangwani. A Yamai, kasuwar Katako ta zama babbar matattarar masu wannan aiki. Tun daga nesa za ka ji ƙarar masaba kamar ana kiɗan ƙwarya. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta matsa wa jama'a su kama noman rani. Lambu kuwa yana son guga da bokiti da butar ban ruwa, duk masu gwangwani suka riƙa ƙerawa. A shekarun nan ne kuma aka baza murhun ƙarfe mai tattalin itace da ake kira Mai Sauƙi, shi ma su aka koya wa yinsa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗinmu: faran ɗaya na Faransa da ake saye tamma 50 ya koma tamma 100. Kayan kanti na waje suka yi tsada dare ɗaya. Mutane da yawa da suka raina na gida suka komo gare shi.

Maganar dalma

Akwai abin da ba zan ɓoye muku ba, ko da yake ina ƙaunar masu sana'ar nan. Ba kowane farin ƙarfe ne ya dace da tukunya ba. Cikin tarkacen mota da na rediyo akwai dalma, ita kuwa dalma guba ce. Ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari. Tana taruwa a jiki sannu a hankali, ta fi cutar da ƙananan yara da mata masu ciki, tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro. Kun ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. A 2014 masu bincike sun gwada tukwanen zubi a Kamaru, sun tarar wasunsu suna sakin dalma cikin abinci, musamman in abincin mai tsami ne.

Saboda haka in za a zuba muku tukunya, ku tsaya ku ga abin da ake narkawa. Tsohuwar tukunya da gwangwanin lemo sun fi tarkacen da ba a san asalinsa ba. Kada a bar komai na batirin mota ya kusanci kaskon. Kada a bar miyar yakuwa ko kunun tsamiya su kwana cikin tukunyar, a juye su a wani mazubi. Haka kuma tano ko gwangwanin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko an wanke shi sau goma, kada a sa masa ruwan sha ko abinci. Ku ma masu zubi da ke karanta wannan, ɗiyanku daga irin tukunyar nan suke ci.

Inda aka kwana

Roba ta zo ta yi wa gyartai abin da mota ta yi wa tama. Bahon roba in ya fashe, sai dai a liƙe shi da wuƙa mai zafi ya ƙara ƴan kwanaki, sannan a yar. Fitilar hannu mai batir da mai cajin rana sun kashe aci-balbal a garuruwa da yawa, kuma ban yi kukanta ba, don hayaƙinta ya ɓata idanu, wutarta ta cinye ɗakuna. Bidon roba ya kori garwa daga kafaɗar ƴan ga-ruwa.

Tsohon ƙarfe kuma ya zama haja mai tsada. Tun daga shekarun 2000 masana'antun ƙasashen Asiya da na Najeriya suke sayensa da yawa. Ƴan gwangwan suna bin ƙauyuka da sikeli, suna saye da kuɗi ko su musanya da robobi. Manyan motoci na kwasa suna yin kudu. Wannan ya ba samari da yawa abin yi, ba a musu. Amma maƙerin ƙauye yanzu sai ya yi takara da masana'antar da bai taɓa gani ba kafin ya sami abin ƙera hauya. Mai zubin tukunya kuwa in ya iso gari, sai ya tarar an riga shi kwashe tsofaffin tukwanen. Shi ya sa yawancinsu suka daina yawo, suka kafa rumfa a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Ƙonni da Yamai, ƴan kasuwa ke sarin tukwanen su kai ƙauye.

Tukunyar da aka zuba wa innata a gindin tsamiya tana nan. Ta dafa tuwon sunan ƙannena, ta dafa na aurena. Bana da na je gida na ga gindinta ya fara sirancewa, har in an ɗaga ta a rana ana hango ɗan haske a wuri guda. Wani ɗan gwangwan ya taya ta, inna ta ce ba ta sayarwa, jira take mai zubi ya zo ya sake mata ita. Na ce mata:

"Inna, ai rabon garin nan da mai zubi an fi shekara goma."

Ta ce to in zan koma Maraɗi in tafi da ita, amma in tsaya a kansu har su gama, kada su musanya mata da ƙarfen wani.